Garba Tafinta da Makaniken da Ya Ƙi Mutuwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Garba makwancinsa, amma har yau in na ji an ɗaga murya a bakin layinmu na Zongo, sai na kasa kunne ko tasa ce. Abin da ya tayar mini da wannan rubutu ba wani babban abu ba ne. 'Yata Rabi ce ta zo mini da wayarta a makon jiya, ta ce, "Baba, ga fim ɗin nan da kai da Baba Garba kuka tsufa kuna musu a kansa." Na karɓa, na sa tabarau, na kalle shi daga farko har ƙarshe a ɗan gilashin da bai kai tafin hannuna ba. Na yi dariya, na yi tsaki, a wani wuri kuma hawaye ya zo mini ba shiri, har Rabi ta tashi ta bar mini ɗakin.

Ga wanda bai san Garba ba, aiki biyu gare shi a Zongon Kwatano, nan ƙasar Benin, kuma duka biyun da baki ake yin su. Na farko shi ne shelar rasuwa. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa. In an yi rashi sai a aika masa, ya zo, ya yaye mayafi ya dubi fuskar mamacin, ya yi addu'a, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa. Zai bi layukan Zongo, ya shiga rumfunan 'yan gwanjo na kasuwar Missèbo, ya leƙa tashar manyan motoci, in ta kama ya kai har Sèmè, can bakin iyakar Najeriya. Mu dai haifaffun nan ne, kakanninmu fatauci ya kawo su, amma akwai 'yan kasuwa da yawa daga arewacin Najeriya waɗanda ba su da kowa a garin sai abokan ciniki. Mamaci kuwa ba ya kwana a wurinmu, don haka wanda labari ya riske shi a makare ya rasa jana'iza ke nan. Garba ba ya faɗin mutuwar da bai gani da idonsa ba, kowa ya san haka. Shi ya sa in jita-jitar rasuwa ta tashi a kasuwa, tambaya ɗaya ake yi kafin a rufe shago: "Garba ya gani?"

Aikinsa na biyu ya zo ne da sauyin zamani. Bayan babban taron ƙasa na 1990, da mulkin gurguzu ya kau aka daina kiran juna kamarad, bakin kowa ya buɗe a Benin. Jaridu suka fito kamar me, mai shayi ma ya zama mai sharhi a kan gwamnati, gidajen bidiyo kuma suka cika unguwanni. Namu na wani ne da ake kira Sale, rumfar kwano ce da bencuna da talabijin a cikin kejin ƙarfe, da fanka ɗaya wadda ba ta kai iska sai ga layin gaba. Finafinan da Faransanci suke zuwa ko da Turanci, rabin masu kallo kuwa ba sa jin ko ɗaya. Garba bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma Allah ya ba shi kunne. Sai Sale ya ajiye masa kujera a gefen talabijin, ya ba shi makirufo.

Ba fassarar kalma da kalma yake yi ba. Ɗauko mutanen fim yake ya zaunar da su a Zongo. Jarumi zai zama Ɗanladi, mugu ya zama Alhaji wane mai riƙe hakkin yara, birnin da ake faɗa a ciki ya zama Lome ko Legas. In kuma wani ya mutu a fim, sai ya sauke murya kamar yadda yake yi a ƙofar shagon mutane, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ɗakin gaba ɗaya ya amsa da "Allah ya jiƙansa." Mugu ma yana samun rabonsa. Na sha tsokanarsa cewa yana ɓarnar addu'a a kan mutanen kaset, shi kuma ya ce, "Isuhu, mutum ya faɗi a gabana, in ce me, madalla?" Da an gama fim kuma, tun da dimokuraɗiyya ta shigo, sai ya sa a ɗaga hannu: masu cewa fim ya yi, da masu cewa an ɓata mana yamma.

A wannan lokacin ne wani wasa ya kama samarin gari. A unguwar Jonquet ake yinsa, a wasu ɗakuna masu injuna tsawon mutum, ka jefa ɗan ƙarfen da ake kira jeton, ka kama sanda da maɓallai. Mutum biyu ke bugawa, ɗaya direban babbar mota, ɗaya makanikensa. Kuna ɗauke da kaya a kan wata doguwar hanya mai shinge bayan shinge, a kowane shinge ku sauko ku yi faɗa, man motar kuwa yana ta raguwa a saman allo. Ba sai an yi wa ɗan Zongo bayanin shinge ba, duk wanda ya taɓa kai kaya iyaka ya san shi. Kowane ɗan wasa rai uku gare shi, in an kashe ka sai ka sake tashi daga farkon shingen. Gwanin wasan wani ɗan zemijan ne, wato ɗan acaɓa mai rawayar riga, sunansa Tanimu. Ni ma ina leƙawa in na taso daga aikin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, da aurena da komai. Garba kuwa ko ƙofar wurin bai sani ba.

Sai aka ji an yi fim daga wasan. Da Rabi ta sake nuna mini shi, na ji tsoron kada in tarar da shirme, irin abin da mutum ya so yana matashi ya dawo yana jin kunyarsa. Ban tarar da haka ba. Fim ɗin yana nan da ƙarfinsa, kuma zan faɗi dalili.

Wanda ya shirya shi ya san mota. Ƙarar injin in motar tana hawa tudu da kaya daban take da ta gangara, kuma direban yakan sauke giya kafin ya shiga gangare, abin da ya sa direbobinmu na tasha suka riƙa gyaɗa kai a rumfar Sale. Kayan da aka ɗauko injin ruwa ne da ake kai wa wani gari da aka yi wa ƙawanya, ba wani dogon bayani, mutane na jin ƙishirwa, shi ke nan. Allurar mai ta cikin wasan ma ba a yar da ita ba. Bini-bini sai kyamara ta koma kanta, kana gani tana sauka, har ka tsorata alhali ba a daki kowa ba. Faɗan kuma mai nauyi ne. Kyamara takan ja baya ta tsaya, ka ga ƙafa, ka ga hannu, ka ga inda naushi ya taso da inda ya sauka. Mutane suna gajiya. Akwai inda direban ya gama da wani ƙato, ya jingina da taya yana haki, ya kasa buɗe murfin gorar ruwa don hannunsa na rawa. Ban taɓa mantawa da wannan hannun ba.

Sai kuma makaniken, wanda shi ne ran fim ɗin. Dattijo ne mai tumbi da gashin baki, kullum yana tauna wani abu, yana yi wa injin magana kamar yadda mutum ke lallashin tsohuwar matarsa. Ba ya tsalle, ba ya juyi a sama, sipana kawai yake ɗagawa ya sauke inda ta fi zafi. Tun fitowarsa ta farko Garba ya raɗa masa suna Baba Sipana, ya ce garejinsa na kan hanyar Sèmè. Aibi kuwa akwai shi. Babban mugun yana zaune a shinge na ƙarshe yana jira, cikin wata jibgegiyar kwat a tsakiyar rana, ba wanda ya gaya mana abin da mutanen garin suka tare masa. Mace ɗaya ce a fim ɗin, ita ma an kawo ta ne don ta yi ihu. Kiɗan ya yi yawa. Duk waɗannan an yafe. Abu ɗaya ne ya tsaya wa yayana a wuya.

Al'adar Garba ce ya kalli kowane kaset shi kaɗai da hantsi kafin ya fassara shi da yamma. Ranar da aka fara nuna wannan bai samu dama ba, don an yi rasuwa da safe, daga maƙabarta ya wuce rumfar Sale bayan la'asar, ƙafarsa duk yashi. Ɗakin ya cika har bakin ƙofa, 'yan wasan Jonquet sun kama layin gaba. Ya ɗauki makirufo ya bi fim ɗin a makance, kuma ban taɓa jin ya yi fassara mai daɗin ta ranar ba. Da aka zo gada, bututun birki ya fashe, Baba Sipana ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaure shi da bel ɗinsa, wuta ta kama rigarsa, ya faɗa kogi daga can sama. Direban ya tsinci sipanar ya ajiye ta a kujerar da babu kowa. Garba ya sauke murya ya yi salati, ɗakin ya amsa. Na ga wani mahauci yana share ido da hularsa.

Can a ƙarshe, mugu ya danne direba, sai ga Baba Sipana ya fito daga bayan wani bango. Rigarsa fes, gashin bakinsa ko ƙonewa bai yi ba, da sabuwar sipana a hannu, har yana kashe wa kyamara ido. Layin gaba ya ɓarke da tafi. Tanimu ya miƙe yana dariya, ya ce, "Baba Garba, ka yi saurin shela. Rai uku gare shi, saura biyu."  Garba ya ajiye makirufo a kan cinyarsa, fim ya ƙarasa babu tafinta, ranar ko ƙuri'a ba a yi ba.

Da abin ya tsaya a rumfar Sale, da ba wanda zai tuna shi yau. Amma samari suka fita da shi a baki: Garba ya yi shelar Baba Sipana, Baba Sipana ya tashi. Daga teburin mai shayi ya wuce tasha, daga tasha ya shiga kasuwa, inda ya tarar da mutanen da ba su taɓa taka gidan bidiyo ba. Su kuwa me za su ɗauka? Sunan irin namu ne, garejin a kan hanyar da suka sani yake. Wani ya rantse ya taɓa kai masa mota gyara. Kafin labarin ya iso kunnen dattawa, ya zama cewa Garba ya tara jama'a a kan wani tsohon makanike, har an ɗora ruwan wanka, mutumin ya yi atishawa ya tashi zaune. Dabarar da ta sa ake son fassararsa, ita ce ta juyo ta sare shi.

Ba a daɗe ba aka yi rashin wani bawan Allah mai suna Ali, ɗan kamasho a tasha, wanda ya yanke jiki ya faɗi da safe. Babban amininsa shi ne Malam Haruna, dilan gwanjo a Missèbo, mutumin wajen Sakkwato. Mota ɗaya ta kawo su Kwatano suna samari. Garba ya je asibiti ya ga fuska, ya hau babur, ya tsaya a ƙofar rumfarsa.

"Malam, sai haƙuri. Ali ya rasu ɗazu. Za a yi masa sutura bayan azahar."

Malam Haruna ya ci gaba da ninke wandon da ke hannunsa. Ya ce, "Jiya tare muka ci tuwo." Sannan ya ce, "Garba, ba raini ba ne. Amma an ce kwanan baya ma ka yi shelar wani makanike, sai ga shi ya tashi. Bari in aika a dubo mini."

Garba ya yi masa bayani cewa wancan a fim ne, amma mutumin da bai san ana yi wa talabijin salati ba, bayanin ƙara rikita shi ya yi. Malam Haruna ya aiki maƙwabcinsa. Ɗan aiken ya fara zuwa masaukin Ali, daga can ya tafi asibiti, cunkoso ya riƙe shi a hanya. Lokacin da Malam Haruna ya isa maƙabarta, ana yayyafa ruwa a kan ƙasa. Ina wurin. Ya tsuguna a gefen kabarin, bai yi kuka ba, sai dafa ƙasar yake da tafin hannu kamar mai neman ƙofa.

Da yamma Garba ya ce mini, "Isuhu, yau an kalle ni kamar mai tallar maganin basir." Daga ranar ya jingine babur, ya daina zuwa rumfar Sale. In an yi rashi sai ya ce a aiki wani. An yi jana'izar da sahu bai cika ba, don 'yan kasuwa sun ji labari daga bakin da ba su saba da shi ba, sun tsaya tantama. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni mai zuciya ne, na ce a bar ni da Tanimu in nuna masa ko shi rai nawa gare shi. Garba ya ce in zauna, shi zai je.

Na bi shi don ina zaton faɗa za a yi. Tsakar rana muka shiga ɗakin wasan na Jonquet, shi da furfurarsa da doguwar riga. Tanimu ya saki sandar injin, ya ce, "Baba, wallahi wasa nake yi, ban san zai kai nan ba." Garba ya naɗe hannun riga ya ce, "Na sani, ɗana. Nuna mini inda ake dannawa. Ni ne makaniken."

Ban taɓa ganin wanda ya kai shi rashin iya wasa ba. A shingen farko aka riƙa kashe shi, ya tashi a sake kashe shi, rai ukun su ƙare kafin Tanimu ya gama gyara tsayuwa. Ya koma washegari, ya sake komawa, har abin ya zama makonni. Matarsa Yaya Asabe ta ce mini ko a nema masa rubutu ya sha. A hankali ya gane cewa abokin gaba mai sarƙa daga hagu yake fitowa, cewa in ka ga ganga ka tsaya a bayanta. Ranar da ya kai gadar, aka jefa shi kogi, allo ya mai da shi farkon shingen, sai ya saki maɓallai ya ce, "To, yanzu na gane abin da suka ɗauko da abin da suka bari."

Ya roƙi Sale ya kawo talabijin tsakar gidanmu wata Lahadi bayan la'asar. Shi da kansa ya hau babur ya bi dattawa shago-shago, wannan karon da gayyata. Liman bai zo ba amma ya turo ƙanensa. Samari suka tsaya ta baya. Malam Haruna ne ya zo a ƙarshe, ya zauna a bakin zaure kamar mai shirin tashi. Da makaniken ya bayyana a allo, Garba ya nuna shi da yatsa ya ce ga Baba Sipana nan. Wani tsoho ya matso da kujera, ya ƙura ido, ya ce, "Wannan ne? Ai Bature ne." Wanda ya rantse ya taɓa kai masa gyara ya shiga neman takalminsa.

Aka yi dariya, amma ba a tashi ba, don fim ɗin ya kama su. Dattawan da suka zo ganin ƙwaƙwaf suka koma tambayar ko man zai kai. Da aka zo gada, Garba bai yi salati ba. Ya bari har mutumin ya fito daga bayan bango, sannan ya tsayar da kaset. Abin da ya faɗa, a yadda na riƙe shi, shi ne wannan:

"Jama'a, na je na koyi wasan da aka ciro wannan fim daga cikinsa. A can ma ana mutuwa a tashi, amma ba a banza ba. In an kashe ka, kai ka ji kunyar, kai za a mayar baya, kuma in ka dawo ka san ta inda dukan ya zo. Ni an kashe ni ya fi a ƙirga, kowace mutuwa da abin da ta koya mini. Masu fim sun ɗauko mota, sun ɗauko mai, sun ɗauko gajiya, Allah ya saka musu. Da suka zo kan mutuwa sai suka ɗauko tashin suka bar wahalar. Sun sa mun yi kuka, sannan suka dawo da shi ko ɗingishi ba ya yi. Da sun ƙona masa rabin gashin baki ma, da na yafe. Wanda ya ce maka mutum ya mutu, ya ɗauki amanarka. Ni na ɗauka a kan abin da ban gani har ƙarshe ba, kuma na biya."

Sai ya sa ƙuri'a, ya raba ta biyu. Masu cewa fim ya yi: hannaye suka tashi kusan duka, nasa ne na farko, har da na ƙanen liman, wanda ya ɗaga rabi yana waige-waige. Masu cewa an yafe ƙarshen: ni da Tanimu da wasu 'yan tsiraru. Malam Haruna bai ɗaga ko sau ɗaya ba. Da mutane suka fara watsewa ya taso ya kama hannun Garba, yana kallon talabijin ɗin da aka kashe, ya ce, "Da ma nawa ne ya fito daga bayan bangon nan." Sannan ya ce, "Kai ka gani, Malam Garba. Ni ne na ƙi ji."

Garba ya koma kan babur, ya koma kujerarsa a rumfar Sale, amma bai ƙara yi wa mutumin fim salati ba har ya bar duniya. In wani ya faɗi sai ya ce, "Ya faɗi, mu jira mu gani." Ni na yi kewar tsohuwar hanyar, don ɗakin bai sake yin shirun nan mai daɗi ba. Musunmu kuma bai ƙare ba. Ni ina cewa dawowar makaniken kyauta ce aka yi wa waɗanda suka ƙarar da jeton a kansa, alama ce tsakanin mai fim da 'yan wasa. Shi yana cewa ba a yi wa layin gaba kyauta da hawayen layin baya. Mun yi wannan musu a gidan suna, mun yi shi a asibiti yana kwance.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Rumfar Sale ta zama shagon sayar da wayoyi. Tanimu ya yi tumbi, yana da motocinsa na haya, 'ya'yansa suna buga wasanni a waya waɗanda ran da ke cikinsu ba ya ƙarewa. Finafinan da ake cirowa daga wasanni yanzu sun fi na da kyan hoto nesa ba kusa ba, wasu ma sun fi shi labari, ba zan yi musu rowar yabo ba. Sai dai ƙafar jarumi ba ta cika taɓa ƙasa ba, kuma na daɗe ban ga wanda hannunsa ke rawa bayan faɗa ba. Ina jin da Garba zai zauna ya kalla har ƙarshe kafin ya ce uffan, sannan ya tambayi wa ya gaji, wa ya yi asara. Abin da zai fi tayar masa da hankali kuwa ba fim ba ne. Shelar rasuwa ta koma waya, kowa ya zama mai shela. Ana tura hoton mutum da addu'a a ƙasa tun yana kan gadon asibiti yana shan kunu. Bara an yi wa wani maƙwabcinmu haka, shi da kansa ya amsa wa masu ta'aziyyarsa.

A kan fim ɗin kuwa, bayan kallon makon jiya, na matso kusa da yayana ban kai gare shi ba. Ya yi gaskiya, ƙarshen ha'inci ne. Amma da aka zo wurin bangon, ni da na san abin da zai faru, sai na ji ina ɗokin fitowar tsohon, kuma a nan ne hawayen ya zo. Wanda ya binne nasa ya san dalili.

Garba bai bar gida ba, bai bar mota ba, babur ɗin ma a gyara ya ƙare. Ba a ɗauki muryarsa a kaset ko ɗaya ba, duk fassarar nan ta bi iska. Abin da ya rage nasa na gan shi ne a ranar da ya rasu. Bayan sallar asuba ya cika, ina riƙe da hannunsa. Da gari ya waye aka rasa wanda za a aika, sai na ari babur na bi hanyarsa, layi-layi, har Missèbo. Na tarar da Malam Haruna ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan dilar kaya. Na gaishe shi, na ce an yi mana rashi a gida, za a yi sutura bayan azahar. Ban kai ga faɗin suna ba ya ɗago kai ya ce, "Garba ya gani?"

 Ya ƙura mini ido, har ya gane muryar wa ya ji da wadda bai ji ba.

Na ce, "Ni na gani, Malam. Ni na rufe masa ido."

Bai ƙara tambayar komai ba. Ya laluba takalminsa, ya bar rumfar a buɗe da kayanta. Ni na ci gaba zuwa tasha da sauran wuraren da Garba ke bi. Da na dawo gida na same shi zaune a ƙofar zaure cikin rana, tun ba a gama ɗinka likkafani ba.

Allah ya jiƙan Garba, ya sa ya huta.